Gashin Na-Tajaye

Ku samarin da kuka buɗe shagunan aski a bakin hanyar tasha, da madubi har ƙasa da kiɗa kamar gidan biki, na ji abin da kuke faɗa. Wai wanzanci ba wani abu ba ne, aska ce da ruwa. Ban yi fushi ba. Mutumin da in an ɗauke wuta yake barin mai aski da rabin kai, ya ce masa ya dawo da la'asar, ba shi zan tsaya jayayya da shi ba. Abin da ya taɓa ni daban ne. Shekaranjiya na wuce ƙofar shagon ɗayanku, na ga gashin mutane tuli a bakin kwata, kaji na tona shi. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wani kai da na fi kowa sani a garin nan na Konni.

Sunana Garba, wanzami ɗan wanzami. Zabirar da kuke gani a kafaɗata ta ubana ce, ta girmi iyayen wasunku. A cikinta akwai asake, da dutsen wasa, da guntun fatar da nake goga bakin aska a kai, da ƙaho, da ƙoƙon ruwa, da sabulu. A aljihun gefe kuma akwai abin da ba za ku ce kayan aiki ba ne: takardar buhun siminti, yankakkiya ƙanana ƙanana kamar tafin hannu. Direbobin Malbaza ke kawo mini tsofaffin buhuna, ni kuma in zauna in yanka. Ba ta yagewa in ta jiƙa, shi ya sa ta fi kowace takarda.

Da ubana ya fara koya mini aiki, ban taɓa aska ba sai da damina ta zagayo. Aikina shi ne in durƙusa in tattara gashin da ya zuba, in naɗe a takarda, in miƙa wa mai shi da hannu biyu. Shi zai je ya binne a inda ya ga dama. Ran nan a kasuwar Bazaga iska ta ɗauke mini wani ɗan guntun gashi, na ce ai ba komai. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce: «Tashi ka biɗo shi. Abin da duk yah hita ga kan mutum nashi na. Kai dai aron kan anka ba ka.» Na bi gashin nan har ƙarƙashin amalanken jaki, mutane na dariya. Sai bayan haka aka ba ni ƙwarya mai sabulu in koyi jan aska a bayanta, kuma ƙwarya ta sha yanka kafin hannuna ya zauna.

Kan da nake so in ba ku labarinsa na Mahamman Na-Tajaye ne. Sa'ana ne. Ya zo Konni cin rani yana saurayi, yana tufkar igiya yana sayarwa, bai koma ba. Bai taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, sunansa ma da ƙyar yake zanawa. Amma in aka tona gidajen dara a ƙasa ƙarƙashin itacen bedin bayan kasuwa, aka raba karare da duwatsu, to kowa ya kama kansa. Na-Tajaye kan juya wa dara baya. A faɗa masa inda abokin wasa ya dasa, shi kuma ya faɗi inda za a dasa masa, yana tufkar igiyarsa yana hira, har ya cinye mutum bai waiwaya ba. Gwanaye sun zo daga Illela, sun zo daga ƙetaren iyaka da motarsu da 'yan rakiyarsu, duk sun koma suna kaɗa kai. Tun da na san shi ban ga an ci shi ba.

To kun san mutanenmu. Tunda ni ke aske shi duk safiyar Juma'a, sai aka mayar da ni mai gadin asiri. Wani ya ce an gaya masa akwai wata jijiya a ƙeyarsa mai kaurin yatsa. Wani ya ce kansa ya fi na mutane zafi. Ni da na riƙe kan nan shekara da shekaru, ban ga komai ba sai tabon faɗuwa daga jaki da kunnuwa masu faɗi. Wata Hajiya ma ta same ni har gida, ɗanta zai zauna jarrabawa, tana son ɗan gashin Na-Tajaye a ɗinka masa a laya. Na ce mata: «Hajiya, gashin ba nau ba na. Ga mai shi can shina tufka, ki tambaye shi.» Ba ta je ba. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce da ta zo da ya gaya mata shi ma da gashin ke sa ilimi da bai yarda na aske ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda rediyo ya fara gargaɗi cewa cuta na bin aska daga kai zuwa kai. Gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Na koyi dafa asake, na fara sayen reza sabuwa ga mai so, in ɓare ta a gabansa. Amma tsoro ya riga ya shiga. Sai in yini a kan tabarma ba wanda ya ce mini sannu, har na fara tunanin bin motocin siminti in yi dako. A shekarar nan Na-Tajaye ya daina zuwa gidana aski. Sai ya ce in same shi gindin bedi, a tsakiyar 'yan kallon dara, ya tuɓe hula ya miƙo kai kowa na gani. Bai taɓa cewa don ni yake yi ba. Cewa yake inuwar can ta fi sanyi. Da kaɗan da kaɗan mutane suka dawo, kuma ban manta masa ba.

Wata Juma'a, bayan duk mun yi furfura, ina tsakar jan aska sai ya ce: «Wanzam, ƙaƙa jikin tsoho? Kwana biyu ban gane shi masallaci ba.» Ubana ya daɗe da rasuwa, kuma Na-Tajaye na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Na ɗauka ba'a ce, na duba fuskarsa. Ba ba'a ba ce. Can sai na ga idonsa ya dawo, kamar wanda ya farka. Na ƙarasa askin. Na naɗe gashin na sa masa a tafin hannu kamar kullum. Ya riƙe hannuna, ya ce: «Ka ji abin da nic ce ɗazu? Shi ma naɗe shi cikin takardag ga.» Na ce na naɗe. Daga ranar na san mantuwa ta fara shigarsa, shi ma ya san na sani. Abin da yake tsoro ɗaya ne: kada ranar ta zo da zai tsaya a tsakiyar dara, gaban jama'a, bai san inda yake ba, wani yaro ya cinye shi ana ɗauka a waya.

Waya kuwa ita ta jawo sauran labarin. Ɗansa Isuhu, wanda bai san halin da uban ke ciki ba, ya ɗauki bidiyonsa yana wasa da baya, ya saka a intanet. Ba a daɗe ba sai ga wata lokotoro, wato likita, daga Yamai, Hadiza, ɗiyar wani direban siminti ce ta Malbaza, ta yi karatun ƙwaƙwalwa. Tana so ta ga yadda kan gwani ke aiki lokacin da yake cikin gwanintarsa. Gari ya ɗauka. Har masu shayi cewa suke kan Na-Tajaye zai shiga littafin Turawa.

Ni ta fara nema, don tana son a aske shi tas, kuma kada a shafa mai, saboda wata hula mai wayoyi, haɗe da wani inji, da za ta ɗora masa. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ɗiyar mutunci ke yi. Na ce bari in yi tambayar da aka dame ni da ita shekaru. «Ɗiyata, wai akwai abin da ag ga kan masu hikima wanda babu ga namu?»

Ta yi murmushi. «Baba, in ka ji wanda yac ce ya ga hikima cikin hoto, ƙarya shikai. Abin da muka iya gani shi na wane wuri ka aiki sa'ad da mutum ka tunani. Kuma kai guda ba shi isa a ce an gane komi.» Sai ta ba ni labarin wani babban masani a ƙasar Turawa, wanda da ya mutu aka cire ƙwaƙwalwarsa ba da izininsa ba, aka yayyanka aka zuba a kwalabe, aka yi ta yawo da ita gari gari. Na ce a'uzubillahi, to me suka samu? Ta ce abin da suka samu bai kai wulaƙancin da suka yi ba. «Shi yas sa ni mai kai nika tambaya, tun shina da rai da bakinai.» Nan yarinyar ta shiga raina.

Amma hankalina bai kwanta ba. Ban gaya mata abin da na sani ba, don ba nawa ba ne. Ranar da zan aske shi na sunkuya kusa da kunnensa na ce: «Ka san injin ga na iya ganin abin da munka naɗe?» Ya ce: «Na sani. In na ƙiya, su ce Na-Tajaye ya ji tsoron waya. In na yarda, wataƙila a gani. Aske dai, Wanzam.» Ranar sai da na tsaya na sake wasa askar da ba ta bukatar wasa.

A zauren kawunta da ke nan Konni aka yi, da hantsi. Jama'a sun cika ƙofa, gwanaye na rige-rigen wanda zai kara da shi. Na-Tajaye ya ce shi da Wanzam zai yi. Aka fashe da dariya, don duk Konni an san ko jikana na cinye ni a dara. Ni kaɗai na gane dalilinsa. Hadiza ta ce kowa ya fita, har Isuhu da wayarsa, ta sa aka saki labule. Ta zauna ta bayyana masa komai dalla-dalla, ta ce duk lokacin da ya ce a tsaya za a tsaya. Sannan ta ɗora masa hular, wayoyi na reto kamar saƙar da ba a gama ba. Ya ce da ya san haka zai yi kyau da ya gayyato matarsa.

Wasan farko ya cinye ni kafin in gyara zama. Na biyu ma haka, har yana ba ni shawarar in koma tallan goro. Layuka na ta gudu a fuskar injinta, ita kuma ido ya yi haske, kamar manomin da ya ga hadari. A na uku na faɗi inda na dasa, na jira. Sai ya juyo a hankali, ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya dubi Hadiza. Ya ce mata: «Rabi, wa yak kawo mu nan? Inna ta san mun hito?» Rabi ƙanwarsa ce, ta rasu tun suna Tajaye.

Abin da yarinyar nan ta yi shi ne abin da nake so ku ji. Ba ta dubi injin ba, alhali a lokacin ne yake rubuta abin da ba ta taɓa samu ba. Hannu ta miƙa ta kashe shi. Ta cire masa hular, ta ba shi ruwa, ta zauna a ƙasa kusa da shi tana ce masa Baba ba komi, har ya dawo. Da ya dawo ya gane abin da ya faru, ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Bayan 'yan kwanaki ta kai shi babban asibiti aka ɗauki hoton cikin kansa. Da suka dawo ya ce in zo in zauna, kada ya ji shi kaɗai. Ta faɗa masa gaskiya ba ta ɓoye ba: cutar mantuwa ce ta tsufa, akwai abin da zai rage mata sauri, babu abin da zai tsayar da ita. Ya saurara har ta gama. Sai ya ce: «To wanga abu da kinka ɗauka, ina za ki kai shi?»

Ta ce da niyyarta ta kai wa malamanta, a nuna a taro. Na san ta daɗe tana shirin aikin nan, kuma da shi za ta ƙara gaba. Ta ce: «Amma kan naka na, Baba. Abin da kac ce shi za a yi.»

Hannu kawai ya miƙa, tafi a buɗe, yadda yake miƙo mini duk Juma'a. Ta dube ni ba ta gane ba. Na buɗe aljihun zabira na ba ta takardar siminti ɗaya. Sai ta gane, ai ɗiyar ƙasar nan ce, ta ga ana yi wa ubanta. Ta zare ɗan abin da hotunan ke ciki, bai kai ɗan yatsa ba, ta naɗe shi, ta miƙa masa da hannu biyu. Sauran da ke cikin injinta ta goge a gabansa.

Ta koma Yamai hannu wofi. Masu tambaya ta ce musu aikin bai kammala ba, ba ta ƙara ko kalma ba. Wasu suka ce ba ta iya ba ne, ta haɗiye. Masu shayi kuwa suka yanke hukunci cewa kan Na-Tajaye ya fi ƙarfin injin, har ya ƙona shi. Wannan labari ya yi masa daɗi ƙwarai, bai taɓa gyara musu ba. Juma'ar da ta biyo ya je gindin bedi, ya cinye wani gwani daga Illela a gaban kowa, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ya bar wa yara. Ya bar dara ba a taɓa cin shi ba.

Na ɗauka ya binne ƙunshin. Ashe yana cikin naɗin hularsa. Bayan girbi, ina aske shi, ya ce: «Wanzam, masu irin ciwon ga suna da yawa?» Na ce Hadiza ta ce akwai su ko'ina, sai dai a ɓoye su cikin ɗaki a ce tsufa ne ko a ce iska. Ya ce: «Dara tau, ko sun gani ba su iya ɗauka su ba wani. Amma ciwon, wataƙila in sun gani shi yi ma wani amfani. Kira min yarinyag ga.»

Ta zo, amma ba ta karɓa nan take ba. Ta ce sai Isuhu ya sani, kuma sai ta tambayi Na-Tajaye a ranaku daban daban, da safe lokacin da hankalinsa ke tare da shi, ta ji ko maganar ba ta canza ba. Ya ce yarinyar nan ta fi alƙali bincike. A ranar ya gaya wa ɗansa da bakinsa, Isuhu ya fita bayan gida ya daɗe. Maganar ba ta canza ba. Sharaɗinsa ɗaya: kada a sa sunansa, kada a ce gwanin dara ne, a ce dai wani tsoho. Da hannunsa ya ciro ƙunshin daga hula ya ba ta. Daga baya gari ya san halin da yake ciki, amma daga gidansa aka ji, a lokacin da iyalinsa suka ga dama. Ni ma ban buɗe baki ba sai yanzu da Isuhu ya ce in ba ku, ko kwa ji.

Har yau ina zuwa gidansa duk safiyar Juma'a. Bai san ni ba. Wani lokaci ya ce mini malam, wani lokaci ya tambaye ni ko na ga jakinsu. In an zana masa gidajen dara a ƙasa sai ya share su da ƙafa. Isuhu ke riƙe masa kafaɗa, ni in jiƙa kan in ja aska a hankali, ina bi ta gefen tabon nan na jaki. Da zarar ya ji na goge aska a fata, sai hannunsa ya taso daga kan gwiwa, tafi a buɗe. Ya manta sunana, ya manta sunan ɗansa, bai manta cewa akwai abinsa a wurina ba. In naɗe in sa masa, ya dunƙule yatsu a kai.

Juma'ar da ta wuce, da ya dunƙule hannun, ya ɗago ya dube ni da kyau. Ya ce: «Yaro, kana da ladabi. Wa yak koya maka aiki?» Na ce ubana. Ya ce: «Ka gaishe shi.» Na ce zai ji.

Takardar siminti tana nan da yawa a wurina, na yanka har ta yi mini yawa. Wanda ke so a cikinku ya zo ya ɗiba.